Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ministocin ƙasashe takwas na Majalisar Aktik

Masu girma ministocin harkokin waje na Amurka, Kanada, Rasha, Nowe, Danmak, Suwidin, Finlan da Aisilan,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta ban girma, ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kano. Na rubuto muku ne kan ƙanƙarar da ke rufe tekun da ke can ƙuryar arewacin duniya, yankin da ku takwas ɗin nan kuka ɗauki amanarsa ranar da kuka kafa majalisarku a Ottawa, a watan Satumba na 1996. Na san ba ni da kujera a zaurenku. Ƙasashe 13 na waje ne kuka ba izinin zama 'yan kallo, har da Sin da Indiya da Singafo, amma babu ko ɗaya daga Afirka. To, wanda aka hana shiga zaure ai ba a hana shi magana daga ƙofar gida ba.

Bari in fara da abin da ya faru a Rovaniemi, arewacin Finlan, a watan Mayu na 2019. Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Mike Pompeo, ya tsaya gaban jama'a ana gobe taronku, ya bayyana raguwar ƙanƙarar teku a matsayin abin da ke buɗe sababbin hanyoyi da sababbin damammaki na ciniki. Ya yi lissafin cewa tafiyar jirgin ruwa tsakanin Asiya da Yamma za ta iya raguwa da kwana 20, har ya yi hasashen hanyoyin Aktik za su zama Suwez da Fanama na wannan ƙarni. Washegari kuka tashi ba tare da sanarwar haɗin gwiwa ba, karo na farko a tarihin majalisar, saboda an kasa yarda a rubuta sauyin yanayi a cikinta. Da yawa daga cikinku sun nuna ɓacin rai a ranar. Ni kuwa a ganina mutumin bai yi komai ba illa faɗin abin da mafi yawanku ke aikatawa a hankali. Faɗuwa ce ta zo muku daidai da zama, shi kuma ya rasa kunyar da zai ɓoye hakan.

Alƙaluman da zan kawo naku ne. Cibiyoyinku ne suka tattara su, musamman cibiyar adana bayanan ƙanƙara da ke Boulder a jihar Kolorado. Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna faɗin wannan ƙanƙara. Tana girma a dogon daren hunturu har ta kai maƙura a watan Maris, sannan ta yi ta narkewa har tsakiyar Satumba, lokacin da take kaiwa mafi ƙanƙanta. A farkon shekarun 1980, abin da ke saura a Satumba yakan kai murabba'in kilomita kusan miliyan 7. A Satumban 2012 ya faɗo zuwa kimanin miliyan 3.4. Abin da ya ɓace a tsakani ya kai faɗin Najeriya da Nijar da Chadi a haɗe. In aka bi layin shekarun nan gaba ɗaya, kowace shekara goma tana tafiya da kashi 12 cikin ɗari ko fiye kaɗan.

Masu musu sukan ce ai tun 2012 ba a sake faɗuwa ƙasa da haka ba, don haka abin ya tsaya. Gaskiya ne ba a karya tarihin 2012 ba. Iska da igiyoyin teku suna da nasu jujjuyawar, shekara takan fi shekara. Amma ku jera duk ma'aunin Satumba tun 1979 ku ware mafiya ƙanƙanta guda 19, za ku tarar su ne na 2007 zuwa 2025, babu tsallake ko ɗaya. Kuma a watan Maris na 2025, lokacin da ya kamata ƙanƙarar ta cika ta batse, ta tsaya a miliyan 14.33, mafi ƙanƙantar cikar hunturu da aka taɓa aunawa zuwa lokacin.

Faɗi ma ba shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali ba. Kauri ne. Akwai ƙanƙarar da ke daskarewa a hunturu ɗaya ta narke a bazara mai zuwa, kaurinta mita ɗaya ne zuwa biyu. Akwai kuma tsohuwa, wadda ta tsallake bazara huɗu ko fiye, ta tauri, gishirinta ya tsane, ta kai mita uku ko huɗu. A 1985 wannan tsohuwar ita ce kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙanƙarar da ke tekun a ƙarshen hunturu. Yau ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wanda ya kalli taswirar watan Maris zai ga fari ko'ina ya ce lafiya lau, alhali ɓawo ne kawai ya rage a sama.

Dalilin da ya sa abin ke ciyar da kansa gaba ba ɓoyayye ba ne. Ƙanƙarar da dusa ta lulluɓe tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana zuwa sama. Ruwan teku kuwa duhu gare shi, yana shanye fiye da kashi 90. Duk inda fari ya janye, baƙi ya bayyana, ruwa ya sha zafi duk tsawon bazarar da rana ba ta faɗuwa, sannan ya ƙi daskarewa da wuri in kaka ta zo. Ƙanƙarar da ta makara wajen kamawa siririya take fitowa, siririya kuma ita ke fara narkewa baɗi. Masana a hukumar yanayi ta Finlan sun nuna a 2022 cewa tun 1979 yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. A ranar 20 ga Yuni 2020 ma'aunin zafi ya nuna 38 a garin Verkhoyansk na Saberiya, garin da a da ba a san shi da komai ba sai kisan sanyi. Wannan adadi ne da mu a Kano muka saba gani a ƙarshen rani. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021, ko wace hanya aka bi, da alama kafin 2050 za a ga aƙalla Satumba guda da tekun zai wayi gari kusan babu ƙanƙara.

Yanzu mu ɗora waɗannan shekaru kan abin da ƙasashenku suka yi a cikinsu.

A watan Agusta na 2007, makonni kaɗan kafin ƙanƙarar ta yi faɗuwar da ta girgiza masana, wani ayarin Rasha ƙarƙashin Artur Chilingarov ya nutsa da ƙaramin jirgi sama da mita 4,000 ya kafa tutar ƙarfe a ƙasan teku, daidai ƙuryar duniya. Shekara na zagayowa, a 2008, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da ƙiyasinta: kashi 13 cikin ɗari na man da ba a gano ba a duniya, da kashi 30 na iskar gas, suna kwance a Aktik. Tun daga nan idanu suka buɗe. A Agustan 2017 jirgin dakon gas Christophe de Margerie ya taso daga Nowe ya bi ta saman Rasha ya isa Koriya ta Kudu cikin kwana 19, ba tare da jirgi mai fasa ƙanƙara ya yi masa rakiya ba. Kafin shekarar ta ƙare, tashar Sabetta da ke Yamal ta fara loda gas. Kayan da ke bin wannan hanya yanzu sun haura tan miliyan 35 a shekara.

Ta ɓangaren Kanada kuwa, mashigin arewa maso yamma da ya haɗiye ɗan binciken Birtaniya John Franklin da mutanensa su 129 bayan sun taso a 1845, wanda Roald Amundsen ya kwashe shekara uku kafin ya ratsa shi a 1906, shi ne wani katafaren jirgin yawon buɗe ido ya bi a 2016 da fasinjoji kusan dubu, suna cin abinci suna ɗaukar hoto, cikin wata guda da 'yan kwanaki.

A watan Maris na 2023 gwamnatin Amurka, wadda a lokacin take cika baki da kare yanayi, ta amince da aikin haƙar mai na Willow a arewacin Alaska, wanda ake sa ran zai fitar da ganga kusan miliyan 600 cikin shekara 30. Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan aiki shi ne, cikin tsarinsa har da na'urorin sanyaya ƙasa, domin daskararriyar ƙasar da za a kafa kayan haƙar a kanta tana narkewa. Za a sanyaya ƙasa a haƙo abin da ke ɗumama ta. Nowe kuma, ƙasar da a 2024 kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar ta lantarki ce, ta fara zuƙo mai a rijiyar Johan Castberg a tekun Barents a watan Maris na 2025, watan da ƙanƙarar hunturu ta kafa tarihin ƙanƙanta. A gida an tsabtace iska, man kuma an loda wa wasu su ƙona.

Yarjejeniyoyi uku masu ɗaure ƙasa aka ƙulla a inuwar majalisarku: ta ceto a teku da sama a 2011, ta tunkarar malalar mai a 2013, da ta haɗin kan bincike a 2017. Kun zauna kun tsara wanda zai kawo ɗauki in jirgi ya nutse da wanda zai kwashe mai in ya zube. Ba ku taɓa zama kun tsara inda ba za a haƙa ba.

Ranku ya daɗe, akwai mutanen da ke zaune tare da ku a teburi ɗaya, wakilan ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin, masu damar magana amma ba su da ƙuri'a. Su suka fi ni cancantar faɗin abin da zan faɗa, kuma sun sha faɗa. A wurin Inuwit, ɗaya daga cikin waɗannan al'ummomi, ƙanƙarar teku ita ce hanya, ita ce dajin farauta, ita ce ke sada ƙauye da ƙauye. Maharbi yakan caka mashi ya ji kaurinta kafin ya taka, ya karanta launinta, ya san wadda za ta ɗauki mutum da wadda za ta ɗauki keken jan karnuka. Ilimin nan gadon kakanni ne, ga shi yanzu yana yaudarar masu shi, domin inda aka saba bi a watan Mayu ya koma rami. A watan Yuni na 2019 wani ma'aikacin hukumar yanayi ta Danmak ya ɗauki hoton da ya zagaya duniya a arewa maso yammacin Girinlan, katafaren tsibirin da ke ƙarƙashin daular Danmak: karnuka na jan keke, ƙafafunsu cikin ruwa tsamo-tsamo, ruwa shuɗi shar har iya ganin ido, kamar a kan tafki suke gudu. Ƙanƙarar na nan a ƙarƙashi, samanta ne ya narke farat ɗaya. Sun je ɗauko kayan awo ne, maharban yankin ke musu jagora.

Sai Shishmaref, ƙauyen mutum kusan 600 a kan wani siririn tsibirin yashi a tekun Chukchi, yammacin Alaska. Guguwar kaka ba baƙuwa ba ce a can. A da, kafin ta iso teku ya riga ya daskare a bakin gaɓa, igiyar ruwa ba ta samun inda za ta daka. Yanzu ƙanƙarar na makara da makonni, sai guguwa ta tarar da ruwa a buɗe, ga ƙasar da a da take daskare kamar dutse ta yi laushi. A 1997 guguwa ɗaya ta yanke kusan mita 9 na gaɓar, dole aka janye gidaje 14. Mutanen sun kaɗa ƙuri'ar tashi a 2002, suka sake kaɗawa a 2016. An ƙiyasta kuɗin ƙaurar a dala miliyan 180. Har yanzu suna nan. A wannan jiha ɗaya kuma an samu dala kusan biliyan 8 ta aikin Willow ba tare da an yi bara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dabbobin ba zan daɗe a kansu ba, hotunansu sun cika mujallunku. Farin beya na yammacin Hudson Bay, wanda ba ya samun abin farauta sai a kan ƙanƙara, ya ragu daga kusan 1,200 a shekarun 1980 zuwa 618 a ƙidayar 2021.

Za ku ce mene ne ruwan malamin makaranta a Kano da duk wannan. Amsata kashi biyu ce, ta farko lissafi ce. A 2016 masana biyu, Dirk Notz da Julienne Stroeve, suka nuna cewa duk tan ɗaya na iskar kabon da aka saki, ko daga ina ya fito, yana tafiya da kusan murabba'in mita 3 na ƙanƙarar Satumba. Ba'amurke guda, a matsakaici, yana sakin kusan tan 14 a shekara. Ɗan Najeriya bai cika wuce rabin tan da kaɗan ba. Ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya bisa goma na tan. Wato kowace shekara Ba'amurke na narkar da filin ɗaki uku, mutumin Maraɗi kuma nasa bai kai faɗin dardumar salla ba. Ku takwas kuna fitar da kusan kashi ɗaya bisa biyar na iskar kabon ta duniya. Afirka kaf, da mutanenta sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu, ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Ta biyu ita ce damina. Ba zan yi muku ƙari ba, don na ga yadda ƙari ke ba masu musu makami. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku in ta narke ba ta ɗaga ruwan teku wani abin kirki, tun da dama nauyinta na cikin ruwan. Amma zafin da janyewarta ke tarawa a yankin ba ya tsayawa a teku. Girinlan na nan kusa, da tulin ƙanƙarar da ke kan tudu, wadda in ta narke duka za ta ɗaga tekunan duniya da mita 7. Tun 2002 tana asarar kusan tan biliyan 270 a shekara. Wannan ruwan shi ke isa Legas, inda dubban 'yan'uwanmu ke fatauci, da garuruwan gaɓa irin Ayetoro a jihar Ondo da teku ke ci gida-gida. Sannan ruwan daɗi mai sanyi da ke kwarara arewacin Atlantika yana iya raunana babbar igiyar da ke kai ɗumi arewa. Mu kuma daminarmu tana bin ɗumin arewacin wannan teku ne: in ya yi sanyi idan aka gwada da kudancinsa, sai hadari ya ƙi hawowa. Wani binciken masana a Faransa da ya fito a 2017 ya gwada a na'ura abin da zai faru in Girinlan ta narke da sauri, sai ya ga ruwan Sahel ya ja baya, ƙasar noman gero da dawa ta tsuke, miliyoyin mutane sun shiga halin ƙaura.

Hasashen na'ura ne, na yarda, kuma akwai wasu hasashen da ke nuna ɗumamar arewa za ta ƙara mana ruwa ne, irin mai zuwa da ambaliya. Amma mu mun taɓa ɗanɗana yadda abin da aka yi a arewa ke sauka a gonarmu. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1984, da suka kashe garken Fulani da Buzaye, suka tsotse Tafkin Chadi daga murabba'in kilomita 25,000 zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na haka, shekara da shekaru ana ɗora laifinsu a kanmu: wai kiwo ya yi yawa, wai mun sare itatuwa. Daga baya bincike ya nuna zafin tekuna ne babban mai juya abin, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru. Dattawanmu da suka binne shanu ba wanda ya dawo ya ba su haƙuri. Don haka in an ce mini ana taɓa wannan teku, dole in miƙe zaune.

Akwai abu ɗaya da ke hannunku wanda ba ya buƙatar jiran duniya ta shirya, shi ne kunkunniya. Baƙin hayaƙin da ke fita daga injin jirgi da bututun ƙona gas ba ya daɗewa a sama, kwanaki ne ko makonni ya sauko. In ya sauka a kan dusa sai ya dusashe farinta, ta fara shan zafi. Wanda ya daina fitar da shi bana, baɗi zai ga bambanci. Mafi munin mai wajen fitar da shi shi ne baƙin mai, wannan mai kauri da masaƙunmu na Kano da Kaduna suka sani a zamaninsu. An hana jiragen ruwa amfani da shi a tekun Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, tun 2011. A Aktik sai 1 ga Yuli 2024 haramcin hukumar sufurin ruwa ta duniya ya fara aiki, shi ma da ƙofofi a buɗe: jiragen da tankinsu ke da kariya an ɗaga musu ƙafa zuwa 2029, ƙasashen da ke bakin tekun kuma an ba su ikon yafe wa jiragensu har zuwa wannan shekara. A halin nan, ƙidayar majalisarku da kanta ta nuna jiragen da ke shiga yankin sun ƙaru da kashi 37 cikin ɗari tsakanin 2013 da 2023, nisan da suke ci kuma ya ninka. A Fairbanks a 2017 kun yi alƙawarin rage wannan hayaƙi da kashi 25 zuwa 33 kafin 2025, amma alƙawari ne na ganin dama, babu abin da zai sami wanda ya saɓa.

Kada ku ɗauka ina magana ne kamar gidanmu tsaf yake. A jerin Bankin Duniya na masu ƙona gas a banza Rasha ce kan gaba, Amurka na ciki, Najeriya ma na cikin goman farko. Dokarmu ta sa 1984 a matsayin shekarar daina wannan ɓarna, ga shi har yau wuta na ci a Neja Delta dare da rana. Mutanen Fatakwal tun 2016 suke share baƙin gari a kan tagoginsu da hancin 'ya'yansu. Wannan faɗa namu ne da hukumominmu, muna kuma yin sa. Bambancin shi ne namu hayaƙin yana kashe mu ne a gida, naku kuwa yana sauka kai tsaye a kan abin da ke sanyaya duniya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kun iya in kun ga dama. A 1959, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Nowe suna cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu aka keɓe Antatika don zaman lafiya da bincike. A 1991 aka ƙara da yarjejeniyar Madrid wadda ta hana haƙar ma'adinai a can. A 2018, a garin Ilulissat, ƙasashenku na bakin teku tare da Aisilan da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai suka yarda ba za a kama kifi don ciniki a tsakiyar tekun Aktik ba har shekara 16, tun kafin kowa ya jefa taru. Kanada ta dakatar da ba da lasisin haƙar mai a tekunta na Aktik tun 2016. Girinlan, mai mutum 57,000 kacal, wadda ta fi kowa buƙatar kuɗin da za ta tsaya da ƙafarta, ta sanar a Yulin 2021 cewa ta daina ba da lasisin neman mai. Idan ƙaramar ƙasa mai dogaro da tallafin Danmak ta iya kau da kai, da wane baki Nowe, mai asusun ajiya mafi girma a duniya, za ta ce ba za ta iya ba?

Ita ma Antatika ba ta tsira ba, kada wani ya kawo ta hujja kamar yadda ake yi a da. Ƙanƙarar tekunta ta yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan har 2014, sai ta juya a 2016, ta faɗo zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79 a Fabrairun 2023. A ƙarshen 2022, a huɗu daga cikin mazaunai biyar na manyan tsuntsayen fengwin a tekun Bellingshausen, ƙanƙarar ta fashe kafin 'yan tsaki su yi gashin da ke hana ruwa shiga, kusan babu wanda ya rayu. Hana haƙa a wuri ɗaya ba ya isa matuƙar ana ƙonawa a wani wuri, shi ya sa ficewar Amurka daga yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi karo na biyu ta shafi kowane ɗayanku, kuma shirun da kuka yi a zaurenku bai yi muku kyau ba.

Roƙona na farko, kuma mafi girma, ku yi wa mai da gas abin da kuka yi wa kifi. Ku ƙulla yarjejeniya mai ɗauri cewa babu sabon lasisin nema ko haƙa a tekun Aktik, a fara da tsakiyarsa inda ba na kowa ba, a faɗaɗa zuwa ruwan kowace ƙasa. Za ku ce majalisar ba ta da hurumin tilastawa. Ai ita ma yarjejeniyar malalar mai ba daga sama ta faɗo ba, ku kuka zauna kuka rubuta.

Batun baƙin mai kuwa ba ya ma buƙatar taro. Kowace ƙasa a cikinku na iya ƙin ba jiragenta wannan yafiya tun yau, ta kuma tilasta mai mai tsabta a ruwanta. Ku sa sabon adadi na rage kunkunniya, wannan karon kowace ƙasa da nata kaso, a riƙa bugawa duk shekara kowa ya gani.

Na san tun Maris na 2022 bakwai daga cikinku suka janye jiki daga Rasha saboda mamayar Yukiren, kuma ba ni ne zan ce muku ku manta da wannan ba. Sai dai kusan rabin gaɓar tekun Aktik a Rasha take, haka ma mafi yawan daskararriyar ƙasar da ke riƙe da kabon kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama. Ma'aunin da ba a ɗauka bana ba, ba a ɗaukarsa baɗi. Ku ware masu awo daga rigimar, ku bar bayanai su riƙa ƙetare iyaka ta kowane ɓangare. Ita ma Rasha ta daina kallon masanan da ke hulɗa da waje da idon zargi.

Daular Danmak ce ke riƙe da shugabancin majalisar tun Mayun 2025, ta kuma sa Girinlan a gaba, abin da na yaba. Gare ta nake miƙa na ƙarshe: kafin wa'adinta ya cika a 2027, ta kawo maganar ba Afirka kujerar 'yan kallo. Dokokinku sun yarda da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma muna da waɗanda suka san aikin. Akwai cibiyar AGRHYMET da cibiyar ACMAD, dukansu a Yamai, masu fitar da hasashen damina da manomanmu ke jira kowace shekara. Ku gayyaci masanansu su zauna da naku a kwamitin sa ido kan yanayi, a ba su bayanan tekun arewa a kan lokaci, su ma su faɗa muku abin da suke gani a ma'aunan ruwan sama daga Dakar zuwa Injamena.

Na aika kwafin wannan wasiƙa ga ma'aikatun muhalli na Najeriya da Nijar, domin neman kujerar aikinsu ne, ba nawa ba.

Allah ya ja zamaninku.

Naku,
Malamin labarin ƙasa, Kano